Sumo a 2024: kofi shida da jikin da aka biya da shi

1/ Jama'a ku matso kusa. Tun da na fara ɗora bidiyon sumo wasu ke min dariya, wai na bar ƙwallo na koma kallon ƙarti masu tumbi suna ture-ture. Toh yau zan zauna in ba ku labarin shekara guda cur, 2024, da abin da ya tsaya min a rai game da ita. Zaren da tsawo fa, wanda datarsa ta yi ƙasa ya ajiye shi sai anjima. 🧵

2/ Maganata a taƙaice: in ka duba jerin waɗanda suka ɗau kofi a 2024 za ka ce shekarar ta yi daɗi, kuma wallahi ta yi. Amma in ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka ga abin da ya samu kowa kafin kofin da bayansa, za ka gane tsarin sumo yana hukunta mai rauni kamar ya yi laifi. A ganina wannan dokar ta isa gyara.

3/ Ga waɗanda ba su sani ba. A Japan ana manyan gasa shida a shekara: Janairu, Mayu da Satumba a Tokyo, Maris a Osaka, Yuli a Nagoya, Nuwamba a Fukuoka. Kowace gasa kwana 15 ce, kowane babban ɗan kokawa karo ɗaya yake yi a rana. Ka fitar da mutum daga da'ira, ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, ka ci. Wanda ya fi yawan ci shi ke ɗaukar Kofin Sarki.

4/ Japan tana gabanmu da awa 8, don haka manyan suna karawa ne wajen ƙarfe 8 zuwa 10 na safe a agogon Najeriya da Nijar. Ni dai da shayi a hannu nake kallo. Karo ɗaya wani lokaci ko daƙiƙa biyar ba ya kaiwa, kafin ka kurɓa ka ajiye kofi an gama.

5/ Rukunin sama sunansa makuuchi, mutum 42 ne a ciki. A ƙoli akwai yokozuna, sai ozeki, sekiwake, komusubi, sannan sauran da ake kira maegashira, su kuma da lamba ake jera su. Kafin kowace gasa ana fitar da allon matsayi, banzuke. Ka ci 8 cikin 15 ka hau sama. Ka faɗi 8 ka sauka. In kun ga na rubuta 13-2, ci 13 ke nan, faɗuwa 2.

6/ Yanzu ku riƙe wannan, don a kansa duk zaren ya ginu: ranar da ba ka fito ba, wajen tsara allo kamar ka faɗi ne. Ko ƙafarka ce ta karye, ko jijiya ta tsinke, ko kana kwance an maka tiyata. Ozeki yana da ɗan sassauci, sai ya gaza gasa biyu a jere ake sauke shi. Yokozuna kaɗai ne ba a saukewa har ya yi ritaya.

7/ Kuma saukar nan ta shafi tuwo. Mutum 70 ne kawai ke da albashin wata, 42 na makuuchi da 28 na rukuni na biyu, juryo. Maegashira yana karɓar yen miliyan 1.4 a wata, ɗan juryo miliyan 1.1. Ka zame ƙasa da juryo, albashi ya tsaya, sai ɗan alawus duk gasa. Ka koma cikin masu hidima a gidan horo, bayan da kai ake wa hidimar.

8/ Ga sakamakon 2024:
Janairu: Terunofuji, 13-2
Maris: Takerufuji, 13-2
Mayu: Onosato, 12-3
Yuli: Terunofuji, 12-3
Satumba: Onosato, 13-2
Nuwamba: Kotozakura, 14-1
Mutum huɗu, kofi shida. Uku daga cikinsu a shekarar suka fara ɗaukar kofi a rayuwarsu. Mu bi su wata-wata.

9/ JANAIRU. Terunofuji, ɗan asalin Mongoliya, yokozuna na 73, shi kaɗai ne yokozuna a lokacin. Gwiwoyinsa biyu sun sha wahala, ga ciwon baya, ga ciwon suga. Gasa uku da suka gabata bai kammala ko ɗaya ba. Ya dawo ya yi 13-2, ya doke Kotonowaka a karon raba gardama, ya ɗau kofinsa na 9. Shi kuma Kotonowaka aka ɗaga shi zuwa ozeki.

10/ A wannan watan ozeki uku ne: Kirishima, Hoshoryu da Takakeisho. Ku rubuta sunayen nan ku ajiye. Takakeisho ya janye tun a farkon gasar saboda wuya. Hoshoryu ya janye ana saura kaɗan a gama saboda gwiwa. Tun daga watan farko alamar yadda shekarar za ta kasance ta fito, mu ne dai muke ta tafi ba mu lura ba.

11/ MARIS, Osaka. Nan ne labarin da ya sa ma na rubuta zaren. Takerufuji, ɗan shekara 24 daga Aomori, gasarsa ta farko ke nan a makuuchi, yana maegashira 17, can ƙasan allo. A Satumbar 2022 ya shiga sana'ar. Gashinsa ma bai kai tsawon da za a yi masa ɗaurin manya ba. Yaron nan ya fito ya ci karo 11 a jere daga ranar farko.

12/ Rana ta 14 ya haɗu da Asanoyama, tsohon ozeki. Ya faɗi, kuma a faɗuwar ya ji ciwo a idon sawunsa na dama, jijiya ta taɓu. A keken guragu aka fitar da shi, daga nan sai asibiti. Yana da 12-2, mai bi masa Onosato yana da 11-3. Saura rana ɗaya. Duk wanda ya ga yadda aka fita da shi ya ce shi ke nan, an yi asara.

13/ Lahadi 24 ga Maris sai ga shi ya fito, ƙafa a naɗe. Ya kara da Gonoyama, ya ture shi, ya ɗau kofi. Rabon da sabon shiga makuuchi ya ci gasa tun 1914, shekara 110. Gasa 10 kacal daga shigarsa sana'a. Aka haɗa masa da kyaututtukan musamman guda uku duka. Ni ɗin nan ihun da na yi da safen nan sai da aka leƙo daga ɗakin kusa ana tambaya lafiya.

14/ To me ya biyo baya? Mayu: bai iya fitowa ba ko rana ɗaya. Mutumin da ya kafa tarihin shekara 110, allo bai duba wannan ba, ya jefa shi juryo. Yuli: ya zauna kwana 7, ya ga in ya ci gaba da zama zai iya faɗawa inda babu albashi, ya shigo rana ta 8, ya ci biyu, ya sake janyewa. Sai a Nuwamba ya dawo makuuchi, bayan ya ci gasar juryo a Satumba.

15/ Wannan shigowar ta Yuli ta fi damuna a kan ta Maris. A Maris kofi ne a gabansa, kowa zai fahimta. A Yuli fa? Ba kofi yake nema ba, ba suna ba. Mutum ne da ƙafa ba ta gama warkewa ba ya hau dandamali don ya tara ci biyu ya tsira da matsayinsa. Dokar ce ta tura shi.

16/ Wani ƙarin abu: Onosato ya faɗi a ranar ƙarshen nan ta Maris, ya ƙare da 11-4. Wato a lissafi ko da Takerufuji ya zauna a gida, 12 ɗinsa ta isa. Na san ba hujja ce mai ƙarfi ba, don Onosato ya hau ne bayan ya san kofi ya riga ya tafi, kuma ba mai sanin gobe. Amma duk sanda na tuna sai in ji wani iri.

17/ MAYU. Ranar farko yokozuna da ozeki huɗu duk suka faɗi. Wanda ya kayar da Terunofuji shi ne Onosato, sabon komusubi ɗan shekara 23 daga Ishikawa, yankin da girgizar ƙasa ta afka wa ranar 1 ga Janairun shekarar. Ya ƙare da 12-3 ya ɗau kofi a gasarsa ta 7 a sana'a, saurin da ba a taɓa gani ba. Ya zo da suna tun daga sumon jami'a, shi ya sa ba daga can ƙasa ya fara ba.

18/ Ban rage wa Onosato komai ba, gwani ne. Amma ku dubi filin da ya ci. Terunofuji ya janye rana ta 2. Takakeisho ya janye rana ta 2. Kirishima ya janye rana ta 7 da ciwon wuya, kuma da yake a Maris 5-10 ya yi, ya rasa ozeki. Asanoyama bai fito ba, ya ji ciwo a gwiwa a rangadin Afrilu. Takerufuji yana jinya. Rabin manyan suna wajen likita.

19/ Kirishima fa shi ne ya ci gasar Nuwamban 2023, ya shigo 2024 ana maganar ko zai zama yokozuna. Wata biyar tsakani ya rasa ozeki ma. Doka ta ce wanda aka sauke in ya ci 10 a gasar da ke biye a mayar da shi. A Yuli 8-7 ya yi. A Satumba, da jiki ya ɗan dawo, ya yi 12-3. Amma ƙofa ta riga ta rufe, sai dai ya fara tarawa daga farko.

20/ YULI, Nagoya. Terunofuji ya dawo ya ci 10 a jere, ya ɗan yi tangal-tangal a ƙarshe, ya gama da 12-3, ya doke Takanosho a karon raba gardama. Kofi na 10, adadin da ya daɗe yana cewa shi ne burinsa. Daga nan bai sake hawa dandamali ba a shekarar. Satumba babu shi, Nuwamba babu shi. A Janairun 2025 ya yi ritaya.

21/ Ku lura da wannan lissafin. Gasa shida, Terunofuji biyu kawai ya kammala, kuma duka biyun shi ya ɗau kofi. Mutum ɗaya ne a duk sumo da doka ta yarda ya huta ba tare da an sauke shi ba, kuma duk sanda ya huta ya dawo da jiki sai ya fi kowa. Da maegashira ne shi, da wannan yawan janyewar ya daɗe da barin rukunin sama, kofin 9 da 10 ɗin nan da ba mu gan su ba.

22/ Kuma ya san ɗacin abin. Ozeki ne a da, gwiwa da ciwo suka sa ya yi ta gangarowa har jonidan, rukuni na biyu daga ƙasa, a Maris 2019. Daga can ya sake hawowa, ya ci gasar Yulin 2020 yana maegashira 17, ya zama yokozuna a 2021. Labari mai daɗin ji. Amma mutum nawa ne suka gangara haka ba su dawo ba, ba wanda ya ƙara jin sunansu?

23/ A Yulin nan dai, rana ta 4, Asanoyama ya faɗi gwiwarsa ta hagu ta murɗe, babbar jijiya ta tsinke. Sai tiyata. Mutumin da ke komusubi a allon Mayu ya yi ta zama allo yana gangarar da shi, har sai da ya dawo a Maris 2025 a sandanme, rukuni na huɗu. Tsohon ozeki mai kofi yana karawa da yara, babu albashi. Ya cinye su duka 7-0, abin da ya nuna ba can ne wurinsa ba.

24/ SATUMBA. Onosato, yanzu sekiwake, ya yi 13-2, kofi na biyu. In ka haɗa gasa uku, 12 da 9 da 13, ci 34 ke nan, alhali abin da aka saba nema don ozeki 33 ne. Aka ɗaga shi bayan gasa 9 kacal a sana'a. Shi ma har lokacin gashinsa bai isa ɗaurin manya ba. Ozeki da ɗan tukkun yara, abin dariya abin burgewa.

25/ A wannan gasar ce kuma Takakeisho ya ajiye. Ya yi 5-10 a Yuli aka sauke shi, ya zo Satumba yana neman 10, ya faɗi biyu a jere ya janye, ya yi ritaya. Shekararsa 28. Kofi huɗu ya ci a rayuwarsa. Salon kokawarsa da kai yake shiga ya yi turi, wuyan ya ɗauki shekaru yana karɓar duka. Allah sarki. A ƙwallo ɗan 28 yana tsakiyar ganiyarsa ne.

26/ Shekararsa ta ƙarshe kamar mai bin bashi ne a ƙofa: ya janye a Janairu, dole ya fito a Maris ya nemo 8, ya samu ya janye, ya janye a Mayu, dole ya fito a Yuli. Wata biyu-biyu. Wane wuya ne zai warke a haka? Ba na cewa hutu zai ceci sana'arsa tabbas. Ina cewa ba a taɓa ba shi damar gwadawa ba.

27/ NUWAMBA, Fukuoka. Wannan kam gasar ta wanke rai. Ozeki biyu, Kotozakura da Hoshoryu, suka iso ranar ƙarshe kowa da 13-1, karon ƙarshe na shekara shi ne na kofi. Kotozakura ya ci, 14-1. Shi ne Kotonowakan Janairu, a Mayu ya ɗauki sunan kakansa, yokozuna na 53. Mahaifinsa ne maigidan da ke horar da shi. Jika ya ɗau kofi da sunan kaka, kai abin ya yi kyau.

28/ Shi ne kuma ya fi kowa yawan ci a shekarar, 66 cikin 90, Onosato na bi masa da 65. Me suka haɗa? Su biyun sun fito duk kwana 90. A sumon yanzu, kafin ƙarfi da dabara, wanda jikinsa ya riƙe shi ne ke sama. Ozeki ukun da na ce ku ajiye sunansu a Janairu kuwa, ɗaya ne kawai ya kai Nuwamba da matsayinsa. Biyu wuya ya ci su.

29/ Abin takaicin, wannan ba sabon darasi ba ne. Mayu 2001, yokozuna Takanohana ya ji mummunan ciwo a gwiwa rana ta 14, ya fito washegari ya doke Musashimaru a karon raba gardama. Firaminista Koizumi da kansa ya hau ya miƙa masa kofi, ƙasa ta ɗauka. Bayan nan gasa 7 a jere bai fito ba, bai ƙara cin kofi ba, ya yi ritaya a Janairun 2003.

30/ Maris 2017, Kisenosato, sabon yokozuna, ya ji ciwo a ƙirji da kafaɗar hagu rana ta 13. Ya ci gaba, ranar ƙarshe ya doke Terunofuji sau biyu ya ɗau kofi, mutane suna kuka. Hannun hagun nan, wanda shi ne makaminsa, bai dawo ba. Gasa 8 a jere bai kammala ba, ya ajiye a Janairun 2019. Kun san waye shi yau? Maigidan Onosato.

31/ Su biyun yokozuna ne, ba a sauke su, zuciya ce da kunyar jama'a suka fito da su. To in wanda ba ya tsoron saukewa ma haka al'adar ke matsa masa, ina ga yaron da albashinsa ke rataye da kowace rana? Al'ada ta ce ka daure, doka ta ce in ba ka daure ba ka biya. An haɗa masa zafi biyu.

32/ Kuma a da akwai mafita. Daga 1972 akwai wata doka, kosho: in ka ji rauni a kan dandamali lokacin gasa, aka tabbatar, za ka iya hutun gasar da ke biye matsayinka yana nan. Hukumar sumo ta soke ta a ƙarshen 2003, saboda ana ƙorafin masu hutu sun yi yawa, wasu sun mai da ita hanyar fakewa. Da tana nan, Takerufuji zai huta Mayu bai motsa daga makuuchi ba.

33/ Wani abokina da muke kallo tare kullum a nan muke rabuwa. Ya ce ai wannan rashin tausayin shi ne daɗin sumo. Allo bai san ɗan wane ba, bai san tsohon gwani ba, abin da ka yi a kwana 15 shi ne kai. Ka fara buɗe ƙofar uzuri, manya za su riƙe kujera suna jinya, yara masu tasowa su rasa wuri. Kujera 42 ce, in wani ya zauna a kai yana gida, wani ne aka hana.

34/ Gaskiya maganarsa tana da nauyi, ba zan yi kamar ban ji ba. Ni ma abin da ya fara ja na zuwa sumo ke nan: babu saye, babu sayarwa, babu alfarma a allo. Kuma yana kawo misalin Wakatakakage, wanda jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Maris 2023, ya haƙura ya yi tiyata, ya gangara ƙasa da juryo, ya dawo makuuchi a Yulin 2024 ya yi 11-4. Wato mai ƙarfi zai dawo.

35/ Amsata ita ce: ya dawo, amma fiye da shekara ta tafi, wani ɓangarenta wajen hawa tsanin da kowa ya san ya fi ƙarfinsa. Su kuma yaran da aka haɗa shi da su a ƙasa, wane adalci aka musu? Kana fafutukar shiga juryo sai a jefo maka tsohon mai kofi. Allon da ke sa Asanoyama a sandanme ba gaskiyar ƙarfi yake faɗa ba, lissafin kwanakin asibiti yake yi.

36/ Batun masu fakewa kuma, in an yi cuta da doka sai a toshe ƙofar cutar. Yanzu akwai hoton asibiti da ke nuna jijiya ta tsinke ko ba ta tsinke ba. Abin da nake so in gani: likitocin da ba na gidan ɗan kokawar ba su duba, rauni babba kawai, hutun gasa ɗaya, kuma a ƙayyade sau nawa mutum zai amfana. Gasa ɗaya ba za ta warkar da tiyata ba, amma wata huɗu a jere ya fi wata biyu nesa ba kusa ba.

37/ A haɗa da raunin rangadi. Tsakanin gasa ana yawo da su gari-gari sau huɗu a shekara, a Afrilu, Agusta, Oktoba da Disamba, suna atisaye da nuni gaban jama'a. Aikin hukuma ne. Mutum mai kilo 150 ko 160 yana faɗowa daga dandamalin laka mai tsayin kusan rabin mita, gasa shida, rangadi huɗu. In ya ji ciwo a aikinku, bai kamata asarar ta zama tasa shi kaɗai ba.

38/ Kar kuma a ce babu hali. A 2024 tikitin duk kwana 90 ya ƙare, abin da rabon a gani tun 1996. Mutane suna cika zaure don su ga waɗannan mutanen. Wanda ya sayi tikitin Mayu don ya ga yokozuna da gwarzon Maris, ya tarar babu ko ɗaya, shi ma an cuce shi. Kare jikin 'yan kokawa kare kasuwar ne ma, in ta nan ake jin magana.

39/ Mu masu kallo ma da namu laifin, ni ne na farko. Bidiyon Takerufuji yana ɗingishi yana ɗaukar kofi na tura wa mutum ya fi goma. Na Yuli da ya janye, ban tura wa kowa ba. Muna son hoton jarumta, jinya kuma sai mu bar wa mai ita. Lafiya uwar jiki muke cewa, amma in kofi ya zo sai mu manta.

40/ Har gobe ina ganin abin da ya yi ranar 24 ga Maris jarumta ce, kuma zaɓinsa ne, ba ni da bakin ce masa da bai fito ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tafa masa ranar Lahadi, bayan wata biyu a fitar da shi daga rukunin saboda ciwon da aka tafa masa a kai.

41/ Nan zan tsaya. Masu ra'ayin abokina ku zo mu yi ta a ƙasa, ina nan, amma da hujja don Allah, ban da zagi. Tambayata gare ku: da kai ne a keken guragun nan daren Asabar, kofi na jiranka gobe, ka san in ƙafar ta ƙara lalacewa ba mai riƙe maka matsayi, za ka fito ko za ka zauna? Wanda kuma bai taɓa kallo ba, ya nemi karon Kotozakura da Hoshoryu na Nuwamba ya fara da shi, sai mu yi magana.